Abin da Zaki Ya Rufe

Harouna direba ya kai shekara arba'in bai taɓa jin uwarsa ta kira sunansa ba. Shi ne ɗan fari, Inna Ajuma kuwa mutuniyar ƙauyen Bana ce, irin matan da ke riƙe kunyar ɗan fari har kabari. In tana nemansa sai ta ce wa ƙanwarsa, "Balki, kira mini wancan." In ya dawo daga kai gyaɗa Paraku ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Ya san al'ada ce, ba yaro ba ne. Amma abin na cin sa, har ya kan tambayi kansa ko a bayan kunyar nan akwai wani abu ma.

Shekarar da ake ta maganar Nasara za su kafa gada a kan kogi, ƙyanda ta shiga Gaya ta ɗauke masa 'yarsa Hasana. Ranar sadakar uku ƙarfinsa ya ƙare. Ya shiga cikin gida ya zauna bakin tabarmar mata, ya kife kai a gwiwa, ya yi kuka irin wanda namiji ba ya son a gani. Inna na zaune bayansa. Ko uffan ba ta ce ba, kuma wannan shirun ya riƙe shi a zuciya.

Ashe Badaru ya gani. Badaru ɗan ƙanin ubansu ne, mai zanen motoci, wanda ya koyo sana'ar a ƙetaren iyaka, ƙasar da Ingilishi ke mulki, mutum mai shegen ido da ƙarancin magana. Allon bayan kamiyon Harouna, babbar motarsa ta kaya, na wurinsa tun kafin rasuwar, an ce ya zana zaki a kai. Bayan sadakar arba'in Harouna ya je ɗauka, Balki ta raka shi, sai ga gidan makokinsu an zana a jikin katako. Kallo ɗaya ya yi. Ya ga ƙato kife da kai cikin mata, ya gane rigarsa, kunya ta rufe shi.

"Kai Badaru, kanka ɗaya? In bi hanyar Dosso da kukana a bayan mota, kowane ɗan tasha ya sha kallo? Zaki na ce maka!"

"Ba don mota na yi ba, Yaya. Ka dai tsaya ka duba da kyau."

"Na duba. Shafe shi yau ɗin nan."

Balki ta buɗe baki, ya daka mata tsawa. Haka aka yi, Badaru ya malala shuɗin fenti ya ɗora zaki mai jan baki. Shekara biyu zakin nan yana shan ƙurar hanya.

Inna ta rasu da damina, Harouna na hayin kogi a Malanbil yana jiran jirgin fito. Ya yi abin da ɗa ke yi, amma idonsa a bushe. Ran nan ya ce wa Balki, "Allah Ya ji ƙanta. Ni dai ban san ko ta taɓa jin zafina ba."

Balki ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. "Haba Yaya! Amsar tana bayan motarka, kai ka sa aka rufe."

Washegari ya kwance allon da kansa ya kai wa Badaru. Badaru ya girgiza kai ya ce fenti ya kama fenti, bai yi alkawari ba. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya fara daga ƙasa, a hankali, kamar mai wanke gyambo. Ƙafafun zaki suka tafi. Sai ga gefen tabarma, ga butar duma, ga Ramatu matar Harouna ta jingina kai a kafaɗar Balki, idonta kumbure daidai yadda ya kasance. Kai, Badaru ya iya! Har facin da ke zanin Balki bai bari ba.

Sannan hannun ya fito. Tsohon hannu ne mai jijiyoyi, da tabon ƙunar man gyaɗa a bayan babban yatsa. Ya fito ta ƙarƙashin mayafi, a ɓoye, ya damƙe gefen rigar mai kukan, damƙa irin ta wanda ke tsoron kogi zai ja masa ɗa.

"Tun da ka zauna ta riƙe," in ji Badaru. "Ba ta saki ba sai da ka motsa za ka tashi."

Harouna ya durƙusa a ƙasa. Cikin nadama ya ce, "Fuskar fa? Fito mini da fuskarta."

Badaru ya matsa sama da tsumma. Nan ne kan zaki yake, inda ya fi zuba ja da baƙi. Ya goga sau ɗaya, sau biyu, duk launukan suka narke tare suka bar farin katako.

"Sake zanawa, don Allah."

"Ban iya ba, Yaya. Ranar nan kaɗai na ga tana kallonka, kuma ya ɓace mini."

Harouna ya ɗauki allon ya kai ɗakin Inna ya jingina da bango. Ya zauna a gabansa, ya juya masa baya, ya matsa har gefen rigarsa ya taɓa katakon.