Riƙon Ƙwaryar Baballe

Gonar Hafizu tana can wutsiyar layi, inda ruwan kanal yake isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Bana ne mahaifinsa ya fara yanka masa fegi ya ce ya gwada kansa, ya dasa tumatir, ga shi har ya fara fure. Tumatir mai fure kuwa ba ya haƙuri da ƙishi.

Rabon ruwa a layinsu yana hannun Baba Dattijo, shugaban ƙungiyar manoman rani, tsoho mai son taro. Kafin a buɗe get sai an zauna, kafin a rufe sai an zauna. Hannun get ɗin, wato ƙarfen da ake murɗawa ruwa ya shigo, zagayawa yake gida-gida. Ranar Juma'a yana wurin Kawu Daniel da 'yan'uwansa Kiristoci, tunda sauran suna masallaci. Ranar Lahadi su kuma suna coci, sai ya dawo. Baba Dattijo yakan ce shi shugaban ruwa ne, ba liman ba ne, ba fasto ba. Hafizu ya ji wannan magana har ta gundure shi. Abin da ya sani dai ruwa ba ya isarsa, tsohon kuma sai surutu.

A shagon cajin waya aka ƙulla abin. Can ne Baballe yake wuni, tsohon ɗan sintiri da aka sallama saboda barci a bakin aiki. Ya sayi rigar soja a gwanjon kasuwar Bunkure, hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tun daga nan ya daina amsa sallama da murmushi. Kullum yana kallon bidiyon sojojin ƙasashen maƙwabta sun jeru a gaban kyamara suna sanar da ƙwace mulki.

"Ka ga maza!" in ji shi, yana tura wa Hafizu wayar a hanci. "Ba taro, ba ƙuri'a. Ka ba ni hannun get, wallahi sai ka yi iyo a gonarka."

Hafizu ya san Baballe ko kaza bai taɓa kiwatawa ta rayu ba. Amma ya tuna fangalinsa da ya fara tsagewa, ya ce yana ciki.

Ranar da Baba Dattijo ya tafi suna Madobi suka yi wa gidansa dirar mikiya: Baballe, da Hafizu, da Amiru mai babur wanda aka naɗa mataimaki a kan hanya. Sun shirya faɗa. Suka tarar da Inna Tani, matar gidan, tana turara shinkafa.

"Mun zo karɓar hannun get da sunan al'umma," in ji Baballe.

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Yana nan bayan randa. Ɗauka, dama tuntuɓe nake da shi. Kai Baballe, wannan rigar ta mamaci ce?"

Haka mulki ya faɗi.

Baballe ya haye simintin get, Amiru yana ɗaukarsa da waya. Ya yi gyaran murya ya sanar da cewa an rushe ƙungiya, an soke zagayen hannu, kuma daga yau sunansa Kanar. Ya ce kada kowa ya tayar da hankalinsa, riƙon ƙwarya ne kawai zuwa girbi.

Kawu Daniel yana tsaye da fartanya a kafaɗa. "To Kanar, mun ji za ka riƙe ƙwarya. Ruwan cikinta fa, wa zai fara kurɓa?"

Aka fashe da dariya. Baballe bai ji daɗi ba, nan take ya kafa dokarsa ta farko: hannun get ba zai ƙara shiga hannun wanda ba ya salla ba, ranar Juma'a kuma get a rufe yake. Mutumin da rabonsa da sahun farko tun yana makarantar allo! Masu shinkafa na kan layi suka yi kabbara, don sun daɗe suna ƙyashin ruwan Juma'a. Hafizu ma ya tafa, har da fito.

Bai san asarar kansa ya tafa wa ba sai da Juma'a ta zo ta wuce. Sauran ranaku masu shinkafa suna tsugune a bakin kanal, kowa ya tare ruwa da buhun ƙasa, abin da yake gangarowa wutsiya ko ƙafar agwagwa ba zai jiƙa ba. Ranar Juma'a ce kaɗai suke watsewa tun hantsi, su yi wanka su sa manyan kaya. A ranar ce Kawu Daniel, wanda shi ma gonarsa tana wutsiya, yake buɗe get ya bi layi yana janye buhuna, ruwa ya taho har ƙarshe. Hafizu yakan dawo daga masallaci ya tarar da fangali a cike, ya ɗauka haka Allah ya yi kanal.

Ana cikin haka manoman layin gaba suka ce su ba sa hulɗa da gwamnatin gwanjo. Suka jibga ƙaya a kan gadar da ake fitar da kaya, ko babur ba ya wucewa. Baballe ya yi ta murna, wai an ƙaƙaba masa takunkumi kamar manyan ƙasashe.

Hafizu ya same shi a ƙarƙashin mangwaro, ya rungume hannun get kamar jariri, yana cin dafaffen ƙwai da wani mai shinkafa ya kawo gaisuwa.

"Yaya Baballe…"

"Kanar."

"Kanar, furen tumatirina ya fara zuba. Ka buɗe mana ranar Juma'a, ko ka ba Kawu Daniel ya buɗe."

"So kake a ce na janye doka? Duniya tana kallonmu, yaro." Ya lashe yatsa. "Maganar wutsiya kuma na kafa kwamiti."

Hafizu ya je wurin Baba Dattijo. Tsohon yana kishingiɗe yana sauraron rediyo, ya ce shi yanzu hamɓararre ne, ya kuma gano hamɓararru sun fi kowa samun barci. Ya je wurin Kawu Daniel, ya tarar da shi da 'ya'yansa suna ɗibar ruwan kwata da bokiti suna ba albasa.

"A'a, mai fito ne?" in ji Kawu Daniel. "Ga bokiti can, akwai guda mai yoyo. Shi ya rage."

Hafizu ya ɗauka. Ya wuni yana jido, rabin ruwan yana ƙarewa a ƙafarsa, ƙasa tana shanye sauran kafin ya juya.

Da Amiru ya ga ƙwai wuri ɗaya yake zuwa, sai ya sanar da nasa juyin, wai don a gyara na farko. Ya aiko a kira Hafizu, ya ce wannan karon wutsiya ce gaba. Hafizu ya tafi da gudu, don ba shi da sauran zaɓi. Ya iske Amiru da Baballe a kan get, kowa ya kama gefe ɗaya na hannun, wannan yana murɗa dama wancan yana murɗa hagu, suna zagin iyayen juna. Sai aka ji ƙas. Haƙoran ƙarfen suka cinye, get kuwa yana ƙasa, a rufe ruf.

Gyara sai an ɗauko mai walda daga Kura. Baballe ya ce shi ne hukuma, shi zai kira. Amiru ya ce duk mai waldar da ya amsa kiran Baballe ɗan tawaye ne. Ba wanda ya kira.

Hafizu ya koma gona ya tsuguna. Furen ya zube ƙasa, rawaya-rawaya, ganyen ya naɗe. Mahaifiyarsa Saude ta biyo shi da abinci a kwano, ta tsaya tana duban fegin daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wace gwamnati ce yanzu?" ta tambaya.

Hafizu ya tsinci fure ɗaya a ƙasa yana murzawa.

"To, tun da sauran ɗanyen ganye, in sa a koro awakina?"

Hafizu ya tumɓuke tushe ɗaya, ya dubi saiwar, ya jefar.

"A koro su, Inna."