Batura Daga Kasuwar Kurfi

Labaran ya manna bakin waya a gindin batirin, ya haɗa ɗaya bakin da kan batirin a harshensa. Ɗan tsami kawai ya ji.

"Alhaji, wannan ya sha aiki."

"Sabo ne fil," in ji Alhaji Ɗanmusa, yana korar ƙuda daga kan tirensa. "Goro ne ya kashe maka harshe."

Baturan tocila ne jere a kan tabarma, an shanya su a rana don su farfaɗo, yadda kowa ke yi a Kurfi. A cikinsu wane ne sabo, wane ne rana ta yi wa ƙarfin aro, sai Allah sai Alhaji.

Labaran shi ne shugaban masu haƙar rijiyar Wurma. Haƙa ta kai su ga dutse, dutse kuwa sai nakiya, nakiya sai batir. Babban batirin aikin ya mutu, injiniyan da ke ba da sabo a Dutsin-Ma ya tafi Katsina, ba a san ranar dawowarsa ba. Ya sha gaya wa Labaran kada ya kuskura ya tayar da nakiya da batirin tocila. Amma injiniya bai ga tafkin Wurma ba, inda mata ke tace laka da ɗankwali.

Labaran ya zaɓi waɗanda suka fi cizon harshe, ya jera su cikin kogon sandar gora, ya hau keke.

Ya tarar Sabitu, ƙanen matarsa Ma'u, ya gama huda dutsen da ƙarfe da guduma. Rami uku, an ɗura wa kowanne nakiya, an jawo waya har gindin tsamiya. Sabitu ne ke fara sauka bayan kowace fashewa, don ya fi kowa rashin nauyi.

"Yaya, da wannan sandar makafin za mu fasa dutse?" in ji shi da ya ga gorar.

"Kori mutane, ka rufe mini baki."

Aka kore su bayan shinge. Labaran ya yi bisimilla ya haɗa waya. Da fari shiru. Sannan ƙasa ta motsa, hayaƙi ya taso. Yara suka yi ihu, mai gari ya ce madalla.

Labaran bai tashi daga tsugunne ba. Ya san ƙarar rami uku, a ƙafa ake jinta kafin kunne. Wannan ba ta kai ba. Idan batir ya gaza, wata nakiyar takan tashi wata ta kwanta, ta yi shiru ƙarƙashin tsakuwa tana jiran bakin diga. Ko kuwa kunnensa ne? In ya yi magana, ya tona kansa a gaban gari. In ya yi shiru, ƙila ba komai. Ya yi ta juya wannan "ƙila" har hayaƙi ya washe, ya ɗaga kai ya ga Sabitu yana ɗaura igiya a ƙugu, diga a kafaɗa.

"Kwance igiyar," in ji Labaran. "Ni zan sauka."

"Da wannan tumbin? Yaya Ma'u ba za ta yafe mini ba in igiya ta tsinke."

"Na ce kwance. Ajiye digar kuma."

Sabitu ya dube shi, dariyar ta tsaya.

Suka zura shi a hankali. Haske ya yi ta ƙanƙancewa a sama, warin nakiya ya cika masa maƙogwaro. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa bai yarda ya taka da ƙarfi ba. Ya durƙusa yana ɗauke duwatsu da yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Rami na farko ya tarwatse. Na biyu ma haka. A gefen gabas ya ga waya ta shige cikin dutse lafiya lau, yumɓun da aka toshe bakin da shi ko tsagewa bai yi ba.

Ya janye hannunsa. A nan ne ya ji sanyi a gwiwa. Ruwa ne ke tsattsafowa daga tsagar dutse, garau, yana malalowa wajen ramin da bai tashi ba.

Ya san mutanen da ke sama. In suka ji kalmar ruwa, ba mai jiran injiniya. Kafin magariba wani zai sauka da diga don buɗe tsagar, kuma ya san wa za a tura.

"Yaya!" muryar Sabitu ta gangaro. "Mai gari na tambaya, akwai damshi?"

Labaran ya dubi ruwan yana zagaye yatsun ƙafarsa.

"Babu. Ƙayau yake. Nakiya ɗaya ba ta tashi ba, batirina ne bai kai ba. A nemo itace da ƙaya, rufe bakin rijiyar za mu yi."



Ya hau kan tudun tsakuwa, ya ɗebi busasshiyar ƙasa ya goge gwiwoyinsa da tafin ƙafarsa har suka yi fari. Sannan ya girgiza igiya.