Mai Ƙwai Ya Sayi Filin Tsere

Shekara ashirin da biyu Sengodan ya yi yana shiga tseren motoci a filin Velampatti, kuma bai taɓa gamawa da wata mota a bayansa ba, sai dai wadda ta mace a hanya. Mutumin Palladam ne, mai gidajen kaji goma sha ɗaya. Ba mota mai kyau ya rasa ba. Ƙafarsa ce ba ta jituwa da totur: da ya hango kwana sai ta koma kan birki da kanta, ba tare da ta yi shawara da shi ba.

'Yan kulob ɗin direbobi, 'ya'yan masu masaƙun Coimbatore da suka gaji mota da girman kai rana ɗaya, Mai Ƙwai suke kiransa. Shugabansu Damodaran, dattijo mai rina gashin baki, shi ya fi kowa iya zolayar.

"Ku yi masa uzuri," yakan ce, "kiret talatin na ƙwai ya ɗauko a but. In ya yi sauri wa zai biya asarar?"

Sau huɗu Sengodan ya nemi shiga kulob, sau huɗu ana ce masa ana dubawa. Don haka ranar tsere su suna rumfar bene suna shan kofi, shi yana ƙasa cikin makanikai yana cin shinkafa a ganyen ayaba. Bai damu sosai ba. Filin yake so, da ƙaurin taya, da kwana ta uku, wadda ta fi kowace wuyar sha.

Sai mai filin, tsoho Ramanujam, ya mutu. 'Ya'yansa suna Kanada, ba su da niyyar dawowa. Matarsa Kamalam, wadda ta shekara talatin da biyar tana toshe kunne da auduga kowace Lahadi saboda ƙarar motocin tsere, ta ce za ta sayar.

Nan take kulob ya kafa Kwamitin Ceto Fili, aka kuma sa ranar yajin cin abinci a bakin ƙofa. Sengodan ya ɗauki abin da gaske. Ko ruwa bai kurɓa ba ya fito daga gida, ya samu wuri a bayan rumfa inda inuwa ba ta kai ba, ya zauna. 'Yan kwamiti suka iso tara da rabi, Damodaran da ɗigon miyar idli, wainar shinkafar da ake karin kumallo da ita, a gaban riga. Aka yi jawabai, aka ce sai dai a bi ta kan gawarwakinsu. Ƙarfe ɗaya masu ɗaukar hoto suka naɗe kayansu, ɗaya da kwata motar dafa-dukar biryani ta iso. Duk taron Sengodan ne kaɗai ya ji yunwa.

Washegari ya tafi gidan Kamalam. Ya same ta a lilon baranda tana tsinke furen yasmin.

"Mama, roƙo na zo yi. Kada ki sayar wa masu gina gidaje."

"Kai ne na bakwai," in ji ta. "Zauna."

Ta sa aka ɗauko mata wata doguwar takarda, ta shimfiɗa a gabansa. Taswirar unguwa ce, gida ɗari uku, da wurin ninkaya daidai inda kwana ta uku take.

"Damodaran ya kawo, shi da surukinsa magini, kwana biyu kafin su yi azumin nasu. Duba tituna." Ta bi su da yatsa. Kowane titi da sunan ɗan kwamiti. "Sakatarensu ladan dillanci yake so. Wani kuma cewa ya yi a ajiye masa fuloti mai kallon dutse. Kowa ya zo sai ya fara da kukan mijina, har na gaji da miƙa hankici. To kai me ka kawo?"

"Ni ban kawo komai ba, Mama."

"Roƙo ba ya sayen fili, ɗana. Kajin nan naka ba sa ƙwai ne?"

Sengodan ya daɗe yana kallon wurin ninkayar. Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa Saroja cewa zai sayar da gidajen kaji huɗu. Ta ajiye ludayi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Maigida, inda ake maka dariya kyauta, shi za ka saya da kuɗinka?"

Ya saya. Kafin tawadar sa hannu ta bushe, sai ga Damodaran a Palladam da sarƙar fure da katin kulob mai ruwan zinare. Ya tsaya tsakiyar warin kashin kaji yana murmushi, yana numfashi ta baki.

"Yaya Sengodan," ya ce, alhali ya girme shi da shekara takwas, "takardarka ce ta ɓuya a durowa. Mu kullum cewa muke, in ana maganar natsuwa a tuƙi, ba kamarka."

Tseren farko a hannun sabon mai fili ya faɗo ranar bikin girbi na Pongal. Mota goma sha biyu, 'yan kallo har kan katanga. Aka ce don girmamawa Sengodan ya tsaya sahun gaba. Aka ɗaga tuta, ya tashi, ya shiga kwana ta ɗaya da birkinsa na kullum, yana jiran ya ji iskar motoci na wuce shi. Shiru. Ya duba madubi: ga su nan reras a bayansa kamar masu rakiyar gawa.

Ya ɗauka sa'a ce. A zagaye na biyu ya rage gudu don ya gani. Suka rage. Ya koma gefe ya buɗe musu hanya, har ya fito da hannu ya yi wa Damodaran alamar ya wuce. Damodaran ya ɗaga masa hannu shi ma, cikin ladabi. A kwana ta uku Sengodan ya taka birki iya ƙarfinsa. Mota goma sha ɗaya suka yi cirko-cirko, sakatare ya daki bayan motar ma'aji, kuma ba wanda ya yarda hancin motarsa ya gota na Mai Ƙwai.

Ta cikin hular kwano ya ji dariyar mutane. A wajen waya wani mai sayar da ruwan kwakwa ya jera da shi a kan keke, ya wuce shi, ya waiwayo ya yi masa sallama. Haka aka yi zagaye goma sha biyar. Sengodan ya zo na ɗaya, kuma tun da aka kafa filin ba a taɓa tsere mai jinkirin wannan ba.

A kan dandamali aka miƙa masa kofin azurfa. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da can ko ba komai da gaske suke wuce shi. Damodaran ya rataya masa mayafin girmamawa, ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Yaya, hidimar fili nauyi ce. Ka bar wa kulob ya riƙe maka. Gefen gabas ɗin nan kuma da ciyawa ta cinye, surukina yana da ɗan tunani a kai."

"Na ji," in ji Sengodan.

Ranar Litinin ya ɗauki Irudayaraj, babban makaniken filin, wanda ya shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motocin 'yan kulob, suka tafi wurin lauya. Aka rubuta filin da sunan ƙungiyar makanikai da masu ɗaga tuta, bisa sharaɗin ba za a sayar da ko taku ɗaya ba har abada, kuma duk mai mota ko babur da ya cika ƙa'ida zai shiga tsere, ko ɗan waye. Irudayaraj ya karanta sau biyu, ya tambaya ko maigida yana shan maganinsa na hawan jini. Sannan ya sa hannu.

Rabin 'yan kulob suka gano cewa dama gwiwa na damunsu, suka koma wasan kati. Damodaran ya ci gaba da zuwa, yana gaida Irudayaraj da hannu biyu.

Saroja ce ba ta huce ba.

"Kaji sun tafi, fili ya tafi. Kai me ya rage maka?"

"Laraba da safe, shida zuwa bakwai. Ni kaɗai a kan titi."

"Sai na ga wannan abin da idona."

Ta bi shi ranar Laraba, ta zauna gefensa da hular kwano a kan kitsonta. Ya yi zagaye biyu. A na uku ta ce ya tsaya.

"Sauko. Wuyana ya gaji da wannan birki naka."

Shekara tara ta yi tana tuƙa motar ƙwai zuwa Kerala ta hanyar duwatsu, tun suna da gidan kaji ɗaya, kuma dole kaya su isa kafin kasuwa ta buɗe. Ta soke gefen dogon zanenta na sari a ƙugu, ta gyara madubi. Sengodan ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ya ga kwana ta uku ta taho ta wuce bai ji an taɓa birki ba.

Da suka tsaya, Irudayaraj ya zo da agogo a hannu, ya duba, ya girgiza shi, ya sake dubawa.

"Mama," ya ce, "akwai tsere ranar sha takwas ga wata. In sa sunanki?"

"Ƙarfe nawa ake gamawa?"

"Sha biyu."

"Sa. Amma kada a wuce haka, ina da baƙi da rana."