Baƙin Jirgi da Takalmin Hagu

Gizo-gizo ya yi saƙa a cikin takalmin Yaya na hagu. Na gani ne da safe ina shara a bakin ƙofa. Na ɗaga takalmin zan kaɗe, sai na fasa, na mayar da shi yadda yake. Na dama ma ya daɗe ba a sa shi ba, amma gizon na hagun ya zaɓa, kamar ya san wace ƙafa ce ta karye.

Daga kan tsani Yaya ya faɗo yana gyaran eriya. Kafin ya hau, Anti, matarsa, ta ce masa tsanin yana rawa, ya bari a kira mai gyara. Da ta yi shiru, da wataƙila ya kira. Yaya injiniyan lantarki ne guda, amma tun muna yara halinsa ɗaya ne: in ka ce masa gabas, to ya riga ya kama hanyar yamma. Inna ma in tana so ya ci abinci, cewa take yi, "Wannan ba naka ba ne."

Yana kwance da filasta wani abokinsa ya kawo masa gem, aka jona a talabijin ɗin falo don ya rage zaman kaɗaici. Gem ne na yaƙin teku, irin na jiragen katako masu manyan ƙyallaye da iska ke turawa, da igwa jere a gefe da gefe. Yaya ya ci garuruwa, ya ci tsibirai, har Anti ta sa masa suna Kyaftin. Daga nan ya iso wani mashigi mai duwatsu, inda wani ƙaton jirgi baƙi wuluk yake gadi da 'yan rakiyarsa ƙanana guda biyu. A nan ya tsaya cak.

Aka cire filasta. Likitan gashin ƙashi ya zo gida, ya murza ƙafar, ya lanƙwasa ta, ya ce ƙashi ya haɗe sarai, saura tafiya.

"Kullum ka fita ka zaga layin nan. In ka ci gaba da zama, idon sawun zai sandare, kuma in ya sandare ni kaina ba ni da dabararsa."

Anti ta ce, "Ka dai ji, Kyaftin."

Shi ke nan ta ɓata. Yaya ya nuna talabijin da rimot ya ce, "Wallahi ba zan taka ƙofar gidan nan ba sai na nutsar da baƙin jirgin can."

Likita ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Mu da muka san shi ba mu yi ba.

Ni a lokacin na gama jami'a ina zaune a gidansu ina neman aiki. Wurin zamana teburin cin abinci ne, a bayan kujerar Yaya, kwamfuta a gabana. Ba ni da yawan magana, kuma mutum in ba ya magana sai a manta yana da ido. Duk nutsewar da jirgin Yaya ya yi a gabana ya yi ta. Kullum salon ɗaya ne: ya saki ƙyallaye duka, ya nufi baƙin jirgin gaba-gaɗi, ya jera da shi kafaɗa da kafaɗa, su yi ta ɓarin wuta. Shi kuwa baƙin igwarsa hawa uku ce. Kafin Yaya ya sake ɗura tasa, an mai da shi itacen girki.

Wata rana muna kicin, Anti tana yanka albasa tana share hawaye da bayan hannu, ban san na albasar ba ne ko na ƙafar, sai na ce a hankali, "Anti, jirgin nan fa ba shi da igwa a baya."

Ta juyo. "Me kika ce, Auta?"

"Ta gefe kawai yake harbi. Kuma nauyi gare shi, kafin ya juya an sha shayi. In Yaya ya gudu bayan tsibirin, ƙananan ne za su biyo shi, babban ba ya shiga tsakanin duwatsu. Sai ya gama da su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zagayo iska tana bayansa, ya yayyaga masa ƙyallaye da harsashin sarƙa, ya manne a gindinsa ya yi ta duka."

Anti ta ajiye wuƙa. "Ke! Duk kin san wannan kike kallo mijina yana nutsewa kamar dutse?"

"In na faɗa masa, zai yi?"

Sai na ga bakinta ya fara motsi ta gefe ɗaya, irin murmushin da take yi in ta ɓoye wa Yaya cajar waya.

"Sake faɗa mini," in ji ta. "A hankali. Amma ki juya mini shi baibai."

Da yamma ta kawo wa Yaya shayi, ta zauna a hannun kujerarsa, abin da ba ta saba ba. Ni ina bayansu. Mun shirya in lokacin magana ya yi zan taɓa cokali a jikin kofi.

Jirage suka fito. Na taɓa kofi.

"Yauwa, Kyaftin, tafi kansa kai tsaye," in ji Anti. "Kada ka bi ta bayan tsibirin can, hanyar matsorata ce."

"Madam, ke kike tuƙin ko ni?"

"Ni dai na ce kada ka bi."

Jirgin Yaya ya karkata, ya shige bayan tsibiri. Ƙananan biyu suka biyo shi a guje, babban ya tsaya daga bakin duwatsu yana huci.

Na taɓa kofi.

"Rabu da 'yan yaran nan, ɓata harsashi ne."

Yaya ya juya musu gefe ya sakar musu wuta. Na farko ya kama da wuta, na biyu ya daki dutse ya rabe biyu. Yaya ya gyara zama. Ya ɗan kalli Anti ta wutsiyar ido.

"Kin gani? Yaƙi lissafi ne. Ba a yin sa da baki."

"Haka ne, ranka ya daɗe. To yanzu dai kada ka taɓa wannan harsashin mai sarƙa, ba ya kashe kowa. Ni ko kyan gani bai yi mini ba."

Na sunkuyar da kai cikin kwamfuta, don dariya ta taso mini har wuya. Sarƙoƙi suka tashi suna juyi a sama, ƙyallayen baƙin jirgi suka zama tsumma. Ya tsaya a tsakiyar ruwa yana juyawa da ƙyar kamar tsohuwar motar ɗaukar yashi.

Wannan karon ban ma taɓa kofi ba, Anti ta riga ni.

"To fito masa ta gaba, ku yi ido da ido. Namiji ba ya bin bayan abokin gaba."

"Allah ko?" in ji Yaya, ya zagaya ya lafe a gindin jirgin.

Akwai wani jan layi a saman talabijin da ke nuna sauran ran baƙin jirgi. Muna kallo yana raguwa, daga tsawon hannu ya koma tsawon yatsa, daga yatsa ya koma ƙwayar shinkafa. Anti ta kama gefen mayafinta ta cusa a baki. Harbi ɗaya ya rage.

A nan ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, don a da idona yana kan talabijin ne. Yanzu kuwa hannun Yaya nake kallo. Babban yatsansa yana kan maɓallin harbi, igwa a ɗure. Sai ya ɗaga yatsan. Ya kalli ƙofar falo, kallo ɗaya, gajere. Sannan ya tura sandar tuƙin da ke jikin rimot gefe, jirginsa ya fito daga maɓoyarsa ya miƙa wa igwa hawa uku haƙarƙarinsa.

Ruwa ya rufe shi.

"Kash!" in ji Yaya da ƙarfi. "Iska ce ta juya. Kun ga iskar nan ko?"

Iska ba ta juya ba. Tutar da ke kan baƙin jirgin tana nan inda take kaɗawa.

A kicin Anti ta fara murna tana cewa gobe sai dai wani ba baƙin jirgi ba. Na bari ta gama, sannan na faɗa mata abin da na gani. Ta jingina da firji.

"Kina nufin da gangan?"

"Ina ga ba jirgin yake tsoro ba, Anti."

Ta daɗe tana kallon tukunya. Ta ce ranar da aka cire filasta Yaya ya gwada tsayawa a banɗaki, ƙafar ta yi masa wani irin lanƙwasa, ya kama ƙofa, ya fito yana zufa ya ce sabulu ne ya zame shi. Tun daga ranar, daga kujera sai banɗaki, da sanduna biyu, ƙafar a sama kamar ta zakara.

"Ni kuwa ina ta cewa ya fita, ya fita," in ji ta. Ta buga goshinta da tafin hannu. "Ni ma dai! Shekara nawa ina auren mutumin nan?"

Washegari bayan la'asar Yaya ya kunna gem. Bai jira shawarar kowa ba, ya bi bayan tsibiri, ya gama da ƙanana, ya yayyaga ƙyallaye, ya lafe a baya. Hannunsa ya riga ya haddace. Jan layi ya fara raguwa.

Sai ga Anti ta fito daga ɗaki da tef ɗin awo na ɗinki a wuya. Ba ta kalli talabijin ba. Ta durƙusa a ƙofar falo ta auna faɗinta, ta zo ta auna tsakanin kujera da tebur, sannan ta tsaya a bayan Yaya ta auna faɗin kafaɗarsa.

"Madam, lafiya?"

"Lafiya lau. Ci gaba da wasanka. Auta, riƙe mini nan."

Na riƙe bakin tef ɗin.

"Awon me kike yi?" in ji Yaya.

"Keken guragu. Na yi magana da matar likita, ta ce akwai mai taushi, har da wurin ajiye kofi. In an cire wannan teburin zai wuce har banɗaki." Ta naɗe tef a yatsa. "Ni na haƙura, Kyaftin. Na ga ƙafar nan ba za ta ɗauke ka ba, kuma bai kamata a matsa maka ba. Zamanka ya fi mini kwanciyar hankali. Takalman ma zan ba mai gadi, kada su lalace a banza."

Jan layi ya kai ƙwayar shinkafa. Yatsan Yaya yana kan maɓalli.

Anti ta dafa kafaɗarsa, muryarta ta sauka, kuma a nan ban san ko wasan take yi ba ko ta daina. "Don Allah kada ka nutsar da shi. In ka nutsar, rantsuwa ta hau kanka, sai ka fita. Bar shi ya ci. Gobe ma ya ci."

Yaya ya ɗago ya kalle ta. Ya juyo ya kalle ni, ya kalli cokalin da ke cikin kofina, har na ji kunnuwana sun yi zafi. A talabijin baƙin jirgi ya fara juyowa a hankali, bakunan igwarsa suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya.

Ya danna.

Gindin baƙin jirgi ya tarwatse. Ya ɗaga hanci sama, ya yi ƙugi, ruwa ya haɗiye shi har tuta. Kiɗan nasara ya cika falo, ma'aikatan jirgin Yaya suna ta ihu suna jefa huluna sama. Anti ta koma tana warware tef tana sake naɗewa.

Yaya ya ajiye rimot a kan kujera. Ya jawo sanda ɗaya, ya bar ɗayar a jingine. Ya miƙe, ya sauke ƙafar hagu a kan tayil, ya ɗan tsaya yana sauraronta. Anti ta yunƙura za ta kama shi, na riƙe mata gefen zane.

Ya kai bakin ƙofa da ɗingishi. Ya sunkuya ya ɗauki takalmin hagu, ya leƙa ciki, ya buga shi a jikin bango. Gizon ya faɗo ya ruga ƙarƙashin kabad. Yaya ya zura ƙafa, ya zura ɗayar, ya buɗe ƙofa ya fita, ya ja ta a hankali a bayansa.