Ranar da Aka Ja wa Delyth Faifai Sau Uku

Shekara talatin da ɗaya Delyth Pugh ta yi tana amshi. Wurinta a kan dandamali bai taɓa canzawa ba: taku uku bayan mai waƙa, cikin baƙar riga don kada ta ɗauke wa kowa ido. A cocin ƙauyensu na arewacin Wales, can ƙasar Birtaniya, ta koyi waƙa, inda tsofaffi ke zabga wa yarinya harara in muryarta ta fi ta wadda ke kusa da ita ƙarfi. Daga baya ta ji waƙar soul ta baƙaƙen Amurka a rediyo, ta bi ta har London, ta ƙare tana cike wa taurari muryar da Allah bai ba su ba. Akwai waɗanda suka yi suna da maƙogwaronta, amma ko sunanta ba su iya faɗa daidai ba.

Waƙa ɗaya tak ta taɓa rubutawa da kanta, mai baiti huɗu, a kan mahaifiyarta da ta ƙare rayuwarta tana wankin zannuwan gado a asibiti. Ba ta taɓa rera ta a gaban jama'a ba. Duk burinta a duniya ta tsaya a gaba sau ɗaya, ta kai waƙar nan har baitin ƙarshe.

Da ta ajiye aiki sai ta koma Bristol kusa da 'yarta. Maƙwabcinta na sama, Tyrell Beckford, direban bas ne da rana, ɗan rap ne a sauran lokacinsa, irin waɗanda suka koyi jera magana a tashar bas bayan an tashi makaranta. Ta tagar kicin ya jiyo ta tana rerawa tana wanke-wanke, ya sauko ya buga ƙofa.

"Anti Del, waƙar nan ta wace ce?"

"Ta mai wanke-wanke ce. Me ya faru?"

"Kina da wannan a gida kike barin mu muna ta ihu a banza? Bikin unguwa saura sati shida. Ke ce a gaba, ni in bi bayanki."

Ta ce masa ya je ya nemi sa'arsa. Washegari ya dawo da kiɗa a wayarsa, da kuma wani dogon mutum mai suna Ambrose Tully, mai kaɗa jita, ɗan salon waƙar da ake kira indi. Mutanen nan kuwa ba sa waƙa sai cikin ƙaramin ɗaki, a hankali, suna kallon takalminsu kamar an kama su da laifi. Amma da ya taɓa jitar nan sai Delyth ta ajiye soson wanke-wanke. Sati shida suka yi suna gwaji a falonta.

Ranar bikin, ƙarfe uku na yamma, titi ya cika ba masaka tsinke, hayaƙin gasasshiyar kaza ya rufe ko'ina. Kayan sautin na Cleveland ne, kawun Tyrell, dattijo mai furfura wanda ya shekara arba'in yana juya faifai, ya jera lasifikokinsa har sun fi bas tsawo. Shi ya ɗora faifan kiɗan. Ambrose ya shigo da jita, sanye da rigar sanyi a wannan zafin. Tyrell ya yi nasa baitin, sannan ya ja baya ya nuna ta.

Ta fara. Baitin farko ya tafi lafiya. A ƙarshensa akwai wurin da muryar ke hawa sama, ta hau, titi ya kaure da ihu. Sai kiɗan ya yi wani irin kuka ya koma baya, ya tsaya cak. Cleveland ne ya sa hannu ya ja faifan.

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san ma'anar wannan. In mawaƙi ya yi abin da ya girgiza jama'a, mai faifai yakan ja shi baya a sake daga farko, kuma babu girmamawar da ta wuce wannan. Tyrell bai gaya mata ba, don bai taɓa tunanin akwai ɗan Adam da bai sani ba. Ita kuwa Delyth a situdiyo ta san wannan kukan. Can in aka ja tef baya, to 'yar amshi ta yi kuskure, kuma kowa yana jiran ta gyara.

Kunya ta rufe ta. Ta ce a ranta numfashi ne ta ɗauka a inda bai dace ba. Aka sake ɗaukowa, ta gyara numfashin, ta hau wurin nan da ƙarfin da ya fi na ɗazu. Mutane suka hau dukan ƙyauren shaguna. Cleveland ya sake ja.

Ta juya wajen Ambrose. "Ni ce na kauce, ko kai ne?"

"Ina jin tsirkiyar jitar ce, Madam," in ji shi, yana duba wata tsirkiya da lafiyarta ƙalau. Shi ma bai san dawan garin ba.

A karo na uku ta rufe ido, ta zuba duk abin da take da shi, har wata tsohuwa a gaba ta cire hularta ta jefa sama. Cleveland ya ja faifan har da buga tebur.

Nan kunya ta koma fushi. Ta taka har gabansa, ta manta makirufon da ke hannunta yana aiki, titi gaba ɗaya yana ji.

"Malam, in na yi kuskure ka buɗe baki ka faɗa mini. Shekara talatin da ɗaya ana tsayar da ni, amma ba a taɓa yi mini a gaban mutane ba. Ina na kauce?"

Dariya ta ɓarke. Tyrell ya dafe kai. Cleveland bai yi dariya ba, ya cire tabaransa ya dube ta.

"'Yar'uwa, wa ya ce kin kauce? Mu nan abin da ya yi daɗi muke ja. Shekara arba'in ina wannan aikin, mutum biyu na taɓa ja wa sau uku, ɗayan ya mutu. Wannan ɗan 'yar'uwar tawa tun yana goyo yake roƙo na, sau ɗaya ya samu, shi ma don ranar haihuwarsa ce."

"Kawu, ba sai ka tona ba," in ji Tyrell.

Delyth ta juya ta dubi jama'ar. Sai yanzu ta ga fuskokin sosai, ta gane ihun da take ji ba na kora ba ne. Daɗi ya kama ta. Ta goge ido da bayan hannu, ta koma kan Cleveland.

"Na gode. Amma baiti huɗu gare ni, kuma ka hana ni wuce na ɗaya. Ka sake taɓa faifan nan, sai na karya maka yatsu."

Dattijon ya ɗora allurar na'urar a kan faifan, ya zuba hannayensa biyu a aljihu. Ta hau wurin nan, titi ya yi ta ihun a ja, shi kuwa yana ta rawa a tsaye yana cije leɓe, hannu bai fito ba. Ta wuce na biyu. A na uku Ambrose ya ɗago kai, abin da ba wanda ya taɓa ganin ya yi. Tyrell ya koma taku uku baya yana mata amshi da muryarsa ta gardi. A baiti na huɗu, inda ta ambaci hannuwan mahaifiyarta da sabulu ya cinye, ihun ya mutu, mutum dubu suka yi shiru suna saurare har ta ajiye kalmar ƙarshe.

Ta tsaya tana haki, kiɗan na ƙarewa. Sannan ta waiwaya ta dubi Cleveland.

"To, yanzu ka ja."