Akushin da Hamani Ya Mayar

Shekara talatin da ɗaya Hamani da Yari suna ciyayya a ƙofar gidan Yari, a Tajaye. Da an sallame magariba kowa zai fito da akushin gidansa, a ajiye bisa tabarma, a ci wannan a koma wancan. Ba 'yan'uwa ba ne. Tare dai suka yi kiwo suna yara, tare suka tafi cin rani Ikko har sau shida. Yari mutum ne mai tsokana, kullum sai ya ce tuwon gidan Hamani ya yi tauri, kuma kullum shi ke suɗe akushin.

Da zaɓen komin, wato ƙaramar hukuma, ya matso, 'yan parti suka sa sunan Hamani cikin jerin masu neman kujerar konseye, wakilin jama'a a majalisar komin. A yi masa adalci, ba kwaɗayi ya kai shi ba. Famfon unguwarsu ya shekara biyu a mace, shi kuwa ya gaji da kai kuka inda ba a ji. Sai dai ɗaya partin ma ta fitar da nata jerin, kuma a ciki har da Hayatu, ɗan Yari na fari, yaron da Hamani ya riƙe wa rago ranar sunansa.

Da labarin ya kai wa Yari, dariya ya yi har da tari. “Kai da ɗanka za ku kokowa? To ni ɗan kallo na. Wanke hannu mu ci.”

Wanda bai yi dariya ba shi ne Lawali, jagoran kampe da aka turo daga Illela, mai wayoyi biyu da bakin da ba ya hutawa. Ya ja Hamani gefe ya ce, “Malam Hamani, mutane na kallo. Cewa suka yi kun haɗa baki da gidan Yari. Kwana goma na kawai, ka daure.”

Hamani ya daure. Ranar farko ya fake da yawon ƙauyuka, ta biyu ya ce gajiya ce. A ta uku yana zaune a zaurensa, 'yan parti sun cika shi maƙil, sai ga sallamar Yari. Tsohon ne da kansa, sanda a hannu ɗaya, akushi a ɗaya.

“Tunda kaz zama babban mutum, ga tuwo ya biyo ka,” in ji shi.

Lawali ya ƙura wa Hamani ido. A Tajaye ko yaro ya san ba a mayar da akushi a rufe. Ko cikinka zai fashe, sai ka ɗaga faifai ka yi loma guda, ka yaba wa mai miya. Hamani ya san haka sarai, amma ko hannu bai miƙa ba.

“Mun ci, Yari. Koma da shi.”

Ya jira baƙar magana, irin wadda zai rama a yi dariya. Ba ta zo ba. Yari ya ɗan tsaya, ya ce, “To. Allah shi ba da sa'a,” ya juya a hankali don kada miyar ta zube.

Abin ya tsaya wa Hamani a rai. A kowane ƙauye, yana cikin maganar famfo da hanya, sai ya hango bayan Yari yana fita. Ya riƙa lallashin kansa: ana gama zaɓe zai sayo kilishi a Ƙonni, ya je ya zauna a zage shi son rai. Wai shi mai dabara, ya ɗage zumunci zuwa mako mai zuwa kamar ranar kasuwa.

Ranar rufe kampe suna can wani ƙauye da waya ba ta shiga. Da la'asar suka dawo gari, mota na ta kiɗa, lasifika na kiran sunansa. A bakin gari suka gamu da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, Hayatu a gaba, ƙafafunsa duk ƙasa. Yari ya faɗi da hantsi, an kai shi bayan azahar. Hamani ya diro yana ihu a kashe kiɗan, amma kowa ya riga ya ji.

Aka yi zaɓe, aka raba kujeru bisa ƙuri'un kowace parti. Hamani ya samu, Hayatu ma ya samu. Ashe majalisar tana da wurin su duka biyu, benci ɗaya ma za su zauna.

Ranar sadakar bakwai Hamani ya shiga gaida Saude, matar Yari, tana takaba. Daga bayan labule ta amsa, muryarta ba faɗa a ciki, abin da ya fi faɗan ciwo.

“Tun rad da kam maido shi, kullum sai shi ce in zuba na mutum biyu. Shi ci gehenshi, shi ruhe naka. Cewa shikai kana tahe, aiki na yar riƙe ka.”

Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne Hamani, ya fito yana share ido da hannun riga.

Da magariba ya ɗauki akushinsa ya nufi ƙofar gidan Yari. Tabarmar tana nan. Hayatu ya fito da akushin ubansa ya ajiye a gabansa, ya ce, “Baba, bisimilla.”

Hamani ya ɗaga faifan ya yi loma guda. Sannan ya buɗe nasa ya tura wa Hayatu. Hayatu ya ci cikin ladabi, ya ce tuwo ya yi daɗi, a gaida Inna da ta tuƙa. Hamani ya sunkuyar da kai yana jiran a ce ya yi tauri, har aka kira isha'i.