Igiyar Batha

Ku yi mini haƙuri, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. In na yi tuntuɓe ku kau da kai.

A Maraɗi an san gidan su Buraima da kamun sa. Kakansa ya yi, ubansa ya yi. A jefa igiya ta zarge ƙafar baya, a naɗe ragowar a wuyan hannu, kuma ba a saki. Ko san ya faɗi, ko igiya ta tsinke. Wanda ya saki ya gama zama a tabarmar maza.

Washegarin babbar salla 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram mazauna birnin Riyad suka kama hayar istiraha, wato wurin shaƙatawa, a bayan gari, fili ne mai katanga da daɓen siminti, suka kawo wani baƙin sa. Biba 'yar Buraima tana rumfar mata tana yanka albasa, amma hankalinta na kan ubanta.

Bachir na Damagaram ya fara jifa ya kuskure. San ya zura masa ƙaho a cinya, ya maka shi da katanga. Aka janye shi, jini na bin sawunsa.

"Damagaram sai cika baki," in ji Buraima. Ya dubi ɗansa. "Yacouba, miƙo igiya."

"Baba, ta roba ce fa, a kasuwar Batha na sayo."

"Direban tankar ruwa ne zai koya mini igiya? Yalla, miƙo."

Ya jefa, ta kama. Ya naɗe hannu, maza suka ɗauki sowa. Biba kuwa simintin ta duba. A gida rairayi ne, mutum ya kafa dugadugansa, igiyar rama kuma in abu ya fi ƙarfi sai ta tsinke ta raba faɗan. Nan babu ko ɗaya.

San ya fizga. Buraima ya kife, haƙoransa suka daki siminti, aka ja shi rub da ciki, fatar ƙirjinsa na salewa. Biba ta ji ƙarar karyewar ƙashi. Maza suka ɗare, wasu kan katanga, wasu kan motoci.

"Baba, saki!" Yacouba ya zaro wuƙa.

"Ka taɓa ta, ban yafe ba," in ji tsohon, bakinsa cike da jini.

Yacouba ya ƙame. San ya kewaye ƙarfen rumfa, igiyar ta miƙe ƙam a gaban Biba, tana janyo kan ubanta zuwa ƙarfen. Matan duk sun gudu ɗaki. Ta ɗora wuƙar albasa ta danna. Igiyar ta fashe, bakinta ya tsarga mata kunci, san ya yi gaba ya afka wa wata mota.

Aka taru kan Buraima. Robar ta nutse cikin nama, hannun na reto, yatsun sun yi baƙi.

"Wa ya taɓa min igiya?" ya ce da ƙyar.

Yacouba ya ɗauki bakin igiyar, ya ga yankan wuƙa sumul. Ya dunƙule shi cikin tafinsa.

"Tsinkewa ta yi, Baba."

"Ka faɗa wa 'yan Damagaram ban saki ba."

Biba ta ja mayafi ta rufe kuncinta, jini na ɗiga cikin wuyan abayarta. Ana ta neman mai motar da zai kai shi da Bachir asibiti, ta raɓa ta bayan tukwane ta shige ɗakin mata.